Wa Zai Riƙe Mana Kyamara a Hijaz?

A gidajen Hausawan Makka da Jidda akwai karatun da in yaro ya ambata, tun bai rufe baki ba za a fara shi masa albarka: likitanci, injiniyanci, Shari'a, haɗa magunguna. In kuwa ya ce fim yake so ya karanta a jami'a, sai falo ya yi tsit. Uwa ta dubi uba, uba ya dubi tabarma, can sai wani daga cikin manya ya nisa ya ce, "To, Allah ya shirya." Abin da ke zuwa ransu idan an ce fim shi ne saurayi da budurwa suna bin juna da rawa a cikin lambu, sai kuma abin kunyar da ake ta turowa a waya daga Kano. Ban ga laifinsu ba, don abin da aka fi nuna musu ke nan.

Sai dai wannan tsit ɗin yana jawo mana asara, kuma irin wadda ba a mayar da ita in lokacinta ya wuce. Ni a ganina, duk yaro ko yarinyar da ke da takardun zama, da kan karatu, da son wannan fanni har zuci, a bar su su karanta shi. Ban ce kowa da kowa ba, kuma zan zo kan waɗanda na cire.

Dattawan Jidda sun san silima ba baƙuwa ba ce a garin. A da akwai gidajen kallo na tsakar gida, inda ake kafa farin ƙyalle a bango a jera kujeru, a Bab Sharif da kuma Hindawiyya, unguwar da mutanenmu suka daɗe a cikinta. Bayan mamayar da mutanen Juhaiman suka yi wa Masallacin Harami a watan Nuwamba na 1979 ƙasar ta tsuke, zuwa farkon shekarun 1980 an rufe wuraren kallon kaf. Aka yi shekara kusan 35 a haka, wanda ke son kallo a babban allo sai ya haye gada zuwa Bahrain ko ya hau jirgin Dubai. A Disambar 2017 aka ɗage haramcin, ranar 18 ga Afrilu 2018 aka buɗe silima ta farko a Riyad. Daga nan abubuwa suka riƙa bin juna da gudu. A 2020 aka kafa Hukumar Fina-finai ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu. A Disambar 2021 aka yi Bikin Fina-finai na Bahar Maliya karo na farko a tsohuwar Jidda. A 2022 hukumar ta sanar da cewa za ta riƙa mayar wa masu shirya fim har kashi 40 cikin ɗari na kuɗin da suka kashe in sun yi aikin a cikin ƙasar. A 2024 kuma wani fim ɗin Saudiyya da aka ɗauka a yankin Ula ya shiga zaɓaɓɓun bikin Kan na Faransa, abin da bai taɓa faruwa ba.

Kuɗi ana zuba su dare ɗaya. Mai haɗa fitila, da mai ɗaukar sauti, da mai tace hoto, da mai tsara jadawalin aiki, su kam ba a yin su dare ɗaya. Ƙasar da ta yi shekara talatin da ɗoriya ba masana'anta ba ta da waɗannan hannayen, shi ya sa in ka tsaya ka karanta sunayen da ke bi a ƙarshen manyan ayyukan da ake yi a nan, za ka ga Misirawa, da 'yan Lebanon, da 'yan Jodan, da Turawan Ingila. Hukuma ba ta so abin ya dawwama haka, tana neman 'yan gida ido rufe. Duk sana'ar da take sabuwa, waɗanda suka shige ta da wuri su ne ke zama iyayen gida, su ke ɗaukar mataimaka, su ake tambaya wa za a kira. Nan da shekara goma sha biyar kujerun sun cika, kuma 'ya'yan waɗanda suka cika su ne za su fi kusa da ƙofa.

Wasu sun hango haka tun da wuri. Jami'ar Effat da ke nan Jidda, wadda aka kafa a 1999 don mata, ta buɗe karatun shirya fim a 2013 da haɗin gwiwar makarantar fim ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya. A lura da shekarar: saura shekara biyar a buɗe silima ko ɗaya a ƙasar. Wato iyayen waɗancan 'yan mata sun biya kuɗin karatun abin da babu inda za a nuna shi a lokacin. Da ƙofa ta buɗe, 'ya'yansu ne a bakinta da takarda a hannu. Yau akwai sassan koyar da aikin jarida da na talabijin a Jami'ar Sarki Abdul'aziz, da Ummul Ƙura ta Makka, da Jami'ar Sarki Sa'ud, har Jami'ar Imam Muhammad bin Sa'ud ta Riyad, wadda kowa ya san ta da karatun addini, tana da kwaleji sukutum na wannan fanni.

To me ake koya a can da yaro ba zai koya da wayarsa ba? Wannan tambayar ake yawan yi mini, kuma amsarta na gan ta da idona. Akwai wani yaron unguwarmu, gwanin ɗaukar biki, kyamararsa ta fi ƙarfin albashina na wata biyu. Wata rana ya yi niyya mai kyau, ya ce zai ɗauki kakarsa tana ba da labarin yadda aka zo da ita Makka tana ƙarama, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan babbar mota, ta Chadi, ta Fashir, ta Ubayyid, da shekarun da suka yi suna tsintar auduga a Jazira ta Sudan don haɗa kuɗin jirgin ruwa, har suka tsallako daga Sawakin. Ya zaunar da ita a kan darduma, taga a bayanta, na'urar sanyaya ɗaki tana ruri a saman kanta, ita kuma ta yafa farin mayafi. Tsohuwa ta saki baki, ta riƙa jero sunayen garuruwa da na madugai, har ta rera waƙar da mata ke yi in an sauka zango. Da ya kunna mana a kwamfuta, mayafin ne kawai ke ƙyalli, fuskar ta zama baƙin dunƙule ba ido ba baki. Muryar kuma ruri ya haɗiye ta, sai ka kasa kunne ka tsinci kalma ɗaya ka rasa uku. Ya koma ya ce, "Hajiya Kaka, don Allah a sake." Ta harare shi ta ce, "Maigida, ni ba kaset ba ce da za ka mayar baya. Na faɗa sau ɗaya, ya isa."

Duk abin da ya ɓata aikin nan darasin zangon farko ne a makarantar fim. A kashe na'urar sanyi ko da za a yi gumi. A maƙala ƙaramin makirfo kusa da ƙirji, a sa abin ji a kunne tun kafin a fara, don mai kallo yana yafe hoto mara kyau amma ba ya yafe sautin da ba ya ji. A ɗauki minti ɗaya na shirun ɗakin don cike gurbi lokacin tacewa. A juya mutum yadda taga za ta dawo gefensa, a kara farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske. Sannan babba: a auna haske a kan fuska, ba a kan tufafi ba. Wannan na ƙarshen ya fi shafarmu fiye da kowa a ƙasar nan. Baƙar fata cikin farar riga, ƙarƙashin ranar Hijaz, tana daga cikin abubuwa mafi wuyar ɗauka. In ka bar kyamara ta yanke hukunci da kanta, farar rigar za ta ceta ta jefar da fuskar. Tarihin sana'ar ma ya karkata: shekaru masu yawa katin da kamfanin Kodak ke rabawa don daidaita launi hoton farar mace ne a jikinsa. Haska fatarmu yadda za a ga sheƙinta da zanen tsufa a goshi ilimi ne da ake zama a koya, kuma wanda fatarsa ce ya fi kowa dalilin damuwa da shi. Kalli hotunan bikinka, ka dubi yadda dangin amarya suka fito in an haɗa su da baƙi masu hasken fata, za ka gane abin da nake nufi.

Na san amsar da samari za su ba ni, cewa duk wannan yana YouTube kyauta. Suna da hujja. Matasan Saudiyya da suka kafa kamfanin Telfaz11 a 2011 a YouTube suka yi suna tun babu silima, yau su ne manyan masu shirya fim a ƙasar. Mohamed Kordofani, wanda fim ɗinsa ya zama na farko daga Sudan da ya shiga bikin Kan a 2023, injiniyan jirgin sama ne. Kannywood kanta, tun fim ɗin bidiyo na farko a 1990, akasari mutanen da suka koya a lokeshin ne suka gina ta, kuma ba wanda zai raina abin da suka gina. Amma muna ƙirga waɗanda suka tsira ne, ba mu ƙirga dubban da suka sayi kyamara suka ƙare a ɗaukar walima. YouTube yana nuna maka yadda ake yi, ba ya kallon naka ya ce maka minti ashirin ɗin nan bakwai ne kawai ke da rai a ciki. A aji malami zai faɗa maka haka a gaban abokanka, ka ji zafi, ka koma ka yanke. A aji ake tilasta ka riƙe sandar makirfo a aikin wani, ka jure, ka san fim ba aikin mutum ɗaya ba ne. A aji ake koya maka rubuta labari shafi-shafi da kasafin kuɗinsa, wanda shi ne abin da asusun tallafi ke karantawa, ba yawan mabiyanka ba. Asusun Bahar Maliya, mai tallafa wa masu shirya fim, yana karɓar ayyukan Larabawa da na 'yan Afirka, mu kuwa ta kowace fuska aka duba muna ciki. Kuma, gaskiya ɗaya ce, ɗan wani babban gida a Jidda yana iya shiga masana'anta ta hanyar ɗan baffansa. Ɗan mai tsire a Shara Mansur ta Makka ba shi da wannan ɗan baffan. Abokan ajinsa su ne za su zame masa dangi a sana'ar.

Sai maganar addini, wadda ba na son a yi mata riƙon wasa. 'Yar yayana ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta ce tace fim take so ta karanta. Ina zaune aka yi zancen. Ta ce, "Baba, ni ba fitowa zan yi ba. A ɗaki ake yi, gaban kwamfuta." Ya ce, "'Yar nan, duk sunansu ɗaya, 'yan fim." Da na sa baki ya juyo ya ce, "Har da kai?" Na ce, "Yaya, tarawihin Harami da kake kira gida kana tambaya ko sun gani, wa ke ɗauka?" Bai amsa ba, amma bai ji daɗi ba, kuma na san ba a nan damuwarsa take ba.

Batun hoto kansa tsohuwar muhawara ce a ƙasar nan. Da Sarki Faisal ya kawo talabijin a 1965 an yi bore har aka rasa rai. Shaihu Ibn Baz yana ganin hoton mai rai haramun ne sai da lalura irin ta fasfo da katin shaida. Shaihu Ibn Usaimin kuwa ya ce ɗaukar bidiyo bai shiga cikin wancan hanin ba, hukuncinsa yana bin abin da aka ɗauka. Wanda ya riƙe fatawar farko har zuciyarsa, ina girmama shi, amma to sai ya riƙe ta ko'ina, har a kan wayar da ke aljihunsa. Mafi yawanmu a aikace ta biyu muke bi. Tashoshin da ke nuna Ka'aba da Masallacin Annabi dare da rana, akwai masu kyamara, da masu sauti, da mai zaɓar hoton da zai fita, kuma karatu suka yi. Huɗubar Arfa da ake fassarawa kai tsaye zuwa Hausa, ba aljanu ke isar da ita wayar mutumin Gusau ba. Malamanmu da suka yi karatu a Jami'ar Madina, yau ta bidiyo tafsirinsu ke kai wa jama'a, kuma sau da yawa za ka ga karatu na zinare an ɗauke shi da sautin da ke sa ciwon kai.

Damuwar Yaya ta gaskiya ita ce cuɗanya, da dawowa gida da tsakar dare, da abin da dangin manemi za su ce. Wannan damuwa ce ta uba mai hankali. Lokeshin wuri ne na dogon zama, awa goma sha biyu ba komai ba ce, maza da mata a haɗe, kuma akwai masu amfani da matsayinsu su ci zarafin na ƙasa, a nan da Kano da Amurka duka. Amma asibiti ma ana kwana, maza da mata a haɗe, ba mu hana 'ya'yanmu aikin jinya ba, mun sa musu sharaɗi ne mun sa ido. Sannan sana'ar tana da ɗakuna da yawa. Tacewa, gyaran launi, haɗa sauti, zanen motsi, rubutun labari, fassarar da ke bi a ƙasan allo, duk a ofis ake yin su, wasu ma a gida. Haifaa al-Mansour, da take ɗaukar fim ɗinta na 2012 a titunan Riyad, daga cikin mota take ba da umarni ta oba-oba don kada a gan ta cikin maza. Ba ina cewa haka ya dace a yi ba. Ina nuna cewa wadda ta san aikinta tana samun hanyar yin sa cikin iyakar da ta samu kanta. Mu Hausawa mun taɓa gwada ɗaya hanyar. A 2016 gwamnatin tarayyar Najeriya ta so gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Ƙofa ta jihar Kano, har da wurin horarwa, aka yi ca daga kan mumbari har aka janye. Rawa da waƙar da ake ƙyama ba su ragu da ko taku ɗaya ba, makarantar ce kawai ba a samu ba.

Yanzu ga waɗanda na cire, kuma a nan ne ainihin katangar take. Mu a ƙasar nan kashi uku ne, ko da yake ba mu cika son faɗa a fili ba. Akwai 'yan ƙasa, jikokin waɗanda suka zo tun zamanin da, masu sunan Hausawi da Fallata da Barnawi. Su jami'ar gwamnati a buɗe take gare su, haka horon da Hukumar Fina-finai ke bayarwa, haka guraben aikin da aka keɓe wa 'yan ƙasa. Su ba su da uzuri ko kaɗan. Akwai masu igama, wato takardar izinin zaman baƙo, waɗanda da yawansu nan aka haife su, nan aka haifi iyayensu, amma a takarda baƙi ne. Uba yana biyan riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, tun da harajin iyali da aka fara a 2017 ya kai ƙololuwarsa a 2020. Gurbin tallafin karatu a jami'ar gwamnati ga irin waɗannan 'ya'yan kaɗan ne, jami'a mai zaman kanta kuwa dubban riyal masu yawa take ci a shekara. In ya gama, sai ya sami kafili, wato wanda zai ɗauke shi aiki ya tsaya masa a takarda, kuma tsarin fifita 'yan ƙasa a wurin aiki yana nan. Ga wannan uban ba zan ce ya sayar da filinsa na gida ya biya wa ɗansa digirin fim a Jidda ba. Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, wadda aka kafa a 1995, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, haka sashen wasan kwaikwayo da na sadarwa a Jami'ar Bayero. Mai Larabci mai ƙarfi ya duba Alƙahira, inda babbar cibiyar silima take tun 1959. Da can Khartum ce mafakar 'ya'yan masu igama, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya toshe wannan hanyar. Yaron da ya tashi da Larabcin Hijaz da Hausa a baki ɗaya, in ya ƙara da sana'ar, yana da abin sayarwa a kasuwa biyu.

Kashi na uku su ne marasa takarda, masu jin ƙarar mota su leƙa ko jawazat ce, wato jami'an shige da fice. Su maganar jami'a ba ta ma taso ba, kuma yaudara ce a yi musu ita. Abin da kawai zan ce wa samarinsu masu yawo da waya suna ɗaukar mutane a titi don TikTok shi ne su yi hattara. Dokar laifuffukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Tun 2022 kuma talla a shafukan sada zumunta sai da lasisi, baƙo kuwa sharaɗinsa ya fi tsauri. Wannan ma yana cikin abin da ake koyarwa a aji, neman izinin ɗauka da takardar amincewar wanda aka ɗauka.

Duk wannan lissafin abinci ne. Akwai abin da ya fi shi ci mini rai. Mun fi shekara ɗari a Hijaz da yawanmu, tun ayarin da suka yi gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, wasu suka tsaya a Maiwurno ta Sudan a bakin Shuɗin Nilu, wasu suka ƙaraso. Mun yi dako, mun yi gini, mun tura keken alhazai, mun karantar a zaure, tsirenmu ya zama abincin mutanen Makka. A gasar cin kofin duniya ta 2018 masu sunan Hausawi uku ne a tawagar Saudiyya, ɗayansu, Osama, shi ne kyaftin. Amma in jikanka ya ce nuna mini yadda kuka rayu, me za ka kunna masa? Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni da dama a Jidda, ciki har da Sabil da Karantina da Gulail da Kandara. Ba gardamar rusau na zo yi ba, hukuma ta faɗi dalilanta, kuma wanda ya zauna a lungunan ya san akwai abin gyara. Abin da nake cewa shi ne wuraren da aka yi suna, aka yi aure, aka yi makoki na tsawon zuriya uku sun tafi, abin da ya rage mana shi ne guntayen bidiyo masu rawa a wayoyin da rabinsu sun riga sun lalace. Babu wanda ya bi lungun da kyamara a tsanake, ya zauna da mai unguwa, da mai fura, da malamin allo, da ungozoma. Ba mugunta ta hana ba. Babu wanda ya iya ne a cikinmu.

Inda kuwa ba ka ba da labarinka ba, wani zai bayar. A wasannin barkwancin azumi na ƙasashen Larabawa an sha shafa wa ɗan wasa baƙi a fuska ya fito yana karya harshe, har a 2018 sai da wani ɗan wasan Kuwait ya fito ya ba da haƙuri bayan 'yan Sudan sun yi masa ca. A gida ma ba mu tsira ba: in an sako Takari a wasan Hausa, galibi mai jefa Larabci ne cikin magana don a yi dariya, ko wadda aka yi wa tarhil, wato aka koro ta daga Saudiyya, ta dawo da akwati ɗaya. Akwai irin waɗannan, amma ina dattijuwar da ta aurar da 'ya'ya bakwai da kuɗin wanki? Ina yaron da ya je Kano karon farko yana da shekara ashirin, aka ce masa ga gida, ya rasa ko kalmar gaisuwa? Ina ɗan ƙasa mai digiri da ke ɓoye cewa yana jin Hausa? Waɗannan labarai ne da Balarabe ba zai iya rubutawa ba don bai shiga ɗakin ba, ɗan Kano ma ba zai iya ba don bai sha ranar ba.

Ba na ruɗin kaina cewa komai za a bari a nuna. Fim sai ya bi ta hannun hukumar da ke ba da izini kafin ya hau allo, kuma labarin gidan tarhil ko na yaron da ba shi da ƙasa ba abu ne da ɗalibi zai ɗauka ya kai biki yana murmushi ba. Wanda zai shiga fannin ya san da wannan tun farko. Amma tsakanin abin da ba za a bari ba da abin da muka riga muka yi akwai fili mai faɗin gaske da ba wanda ya taka: hanyar hajjin ƙafa, kasuwancin mata tsakanin Kano da Jidda, makarantun allo na Makka, kiɗan biki, abinci, zumuncin da ke tsakanin Maiwurno da Gadarif da Madina.

Ƙungiyoyinmu na garuruwa da na unguwanni sun iya tara kuɗi. Ana tarawa don jana'iza, ana tarawa don mara lafiya, ana tarawa don fitar da wanda aka kama. Ina ba su shawara su buɗe wani shafin a littafin. A zaɓi yara biyu ko uku, har da mace, waɗanda suka riga suka nuna wani abu da wayarsu, a ɗauki nauyin karatunsu, a nan ga mai takardar ƙasa, a Jos ko Kano ko Alƙahira ga mai igama. Kafin a biya ko riyal ɗaya, wani babba ya taka ya je makarantar ya ga ɗakin tacewa da idonsa, ya tambayi kyamara nawa ce kuma ɗalibai nawa ke rabonta, ya nemi a nuna masa ayyukan waɗanda suka gama bara, don akwai sashen da sunansa shirya fim amma allo da alli ne kawai a ciki. A fifita wanda ya zaɓi sauti ko tacewa ko rubutu a kan wanda ya ce darakta zai zama, don darakta yana iya shekara uku yana jiran aiki, mai sauti kuwa ana kiransa kowane mako. Sharaɗin tallafin ya zama ɗaya: kowane hutu ɗalibi ya zauna da dattawa biyar ya ɗauki labarinsu, da Hausa, a rubuta fassarar Larabci a ƙasa don jikokin da harshen ya kuɓuce musu. Kofi ɗaya a bai wa iyalin, ɗaya ya zauna a hannun ƙungiya, ɗaya a aika Gidan Arewa da ke Kaduna.